Kunama Ɗaya ko Kunama Biyu: Bindiga Mai Baki Biyu a Ƙasar Funtua da Malumfashi

1. Share Fage

Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 maƙeran bindiga na Turai da masu farautarsu su ke gardama a kan wata 'yar magana, watau bindiga mai baki biyu, wace ta fi aminci, wadda aka yi mata kunama biyu, ko wane baki da tasa, ko kuwa wadda kunama ɗaya ce ke tayar da bakunan duka biyu bi da bi. Wanda bai taɓa riƙe bindiga ba sai ya ga abin bai kai a ɓata masa tawada ba. Amma wanda ya taɓa tsayawa bakin gona da dare, ya ja kunama bindiga ta ƙi tashi, ya san maganar ba ƙarama ba ce.

Nufin wannan takarda shi ne a bi tarihin wannan gardama, sa'an nan a auna ta da halin wata ƙasa guda, watau ƙasar noma ta kudancin Katsina, daga Funtua da Maska da Bakori har Malumfashi da Ƙanƙara. Abin da za a nuna shi ne, amincin makami ba a cikin ƙarfensa kaɗai ya ke ba. Yana rataye da ƙurar ƙasar da aka kai shi, da irin harsashin da a ke samu a wurin, da kuma hannun da zai gyara shi ranar da ya lalace.

2. Abin da Kalmomi Su ke Nunawa

Kafin a shiga labarin ƙarfe, ya kamata a duba sunaye, gama sau da yawa harshe ya kan riƙe tarihin da mutane suka manta. Kalmar bindiga daga Larabci ta fito, daga bunduƙiyya. Albarushi kuwa daga al-barud ne, ya shigo da al ɗinsa manne a goshi kamar yadda alƙalami da alƙali da albasa suka shigo. Harsashi ma asalinsa kalmar Larabci ce ta darma. Waɗannan uku sun isa shaida cewa Bahaushe ya fara jin labarin bindiga ta hanyar arewa da gabas, tun kafin kayan bakin teku su yawaita a kasuwanninsa.

Amma da aka zo ga ɗan ƙarfen nan da yatsa ke ja, Bahaushe bai ari kalmar kowa ba. Ya dube shi a lanƙwashe kamar wutsiyar kunama, ya ga kuma taɓa shi ke jawo harbi, sai ya ce da shi kunama. Haka kuma ya kira bututun bindiga baki, ya ce an ɗura ta, an ɗana ta, ta tashi ko ta ƙi tashi. Bindigar gargajiya wadda a ke ɗurawa ta baki ana ce mata adaka, ana kuma yi mata laƙabi da harba-ka-ruga. Wannan laƙabi ginin Hausa ne tsantsa, irin na faɗi-ka-mutu da a ke ce wa tangaran, kuma a cikinsa aka tattara dukan aibin makamin: harbi ɗaya gare ka, in ka kuskure sai ƙafa. Duk ƙoƙarin da maƙeran duniya suka yi na haɗa baki biyu a kan ƙota ɗaya, neman maganin wannan gudun ne.

3. Bindiga Kafin Zuwan Turawa

Ahmad Ibn Fartuwa, limamin Mai Idris Alooma na Barno, ya ambaci 'yan bindiga Turkawa cikin rundunar sarkinsa a ƙarshen ƙarni na 16. Tarihin Kano kuma ya ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne Sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu cikin 1884, ya tara bindigogi masu yawa, har aka riƙa zuba igwa a birninsa. Duk da haka, a yawancin ƙasar Hausa bindiga kayan fada ce, bayin sarki ke riƙe ta. Makamin talaka, na yaƙi da na farauta, baka ne da kibiya mai dafi, da mashi, da gora.

Bindigogin da suka riƙa haurowa daga kudu ta Nufe da Zazzau irin masu ƙyastu ne, waɗanda ƙanƙara ke bugun ƙarfe ta ba da tartsatsi. Yawancinsu ƙirar Bamingham ta Ingila ce da Liyej ta Beljiyam, an yi su da araha musamman don cinikin Afirka. Cikin 1890 kuma ƙasashen Turai suka yi taro a Burasal, suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa mutanen wani babban yanki na Afirka bindigogin zamani masu cin harsashi ta gindi, aka bar musu masu ƙyastu da albarushin kasuwa. Ƙasar Hausa duka tana cikin wannan yanki. Saboda haka sa'ad da Turawa suka shiga Katsina cikin 1903, bindigar da maharbin ƙauye zai iya sa rai da ita adaka ce, ita ce kuma maƙeran gida suka koyi ƙerawa da gyarawa.

4. Jirgin Ƙasa, Auduga, da Lasin

Ƙasar kudancin Katsina ta fi arewacinta ruwan sama da ƙarfin ƙasa, tana kuma jingine da manyan dazuzzuka ta yamma, wajen Kogo da Birnin Gwari. A da Maska ce babban gari a wannan sashe, Malumfashi kuwa mazaunin Galadiman Katsina ne. Abin da ya ɗaga Funtua shi ne hanyar jirgin ƙasa da aka ja daga Zariya ta bi ta cikinta zuwa Gusau, aka kai ta Ƙaura Namoda cikin 1929. Ƙungiyar noman auduga ta Ingila, wadda a ke kira B.C.G.A., ta kafa injin gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, kamfanonin ciniki suka buɗe kantuna, baƙi suka taru daga ko ina.

Zamanin nan ne bindigar farauta mai cin harsashi ta gindi ta zama abin da a ke gani a Lardunan Arewa, da fari a hannun Turawan mulki da na ciniki, daga baya a hannun sarakuna da hakimai da attajirai. Ba abin da kowa ke iya mallaka ba ne, don tsadarta da tsadar harsashinta, da kuma wuyar samun lasin. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai kashi uku. Kashi na farko su ne waɗanda aka haramta, irin na soja. Na biyu su ne na mutum shi kaɗai, cikinsu har da bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasin ɗinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, watau dangin adaka. Dokar ta kuma hana ƙira ko gyara sai da izni. Cikin 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙara da dokar kiyaye namun daji.

Ga manomi, amfanin bindiga iri biyu ne. Akwai neman nama, irin su zabon daji da makwarwa da zomo da gada, da tsuntsayen ruwa a fadamu. Akwai kuma tsaron amfanin gona daga birai da gadu, waɗanda ke iya ɓata aikin damina cikin 'yan kwanaki. A duka biyun, harbi na biyu ba ado ba ne. Shi ke hana naman da aka raunata ɓacewa cikin ciyawa, shi ke tsayar da wanda ya juyo kan maharbi.

5. Yadda Aka Ƙago Kunama Ɗaya

Bindiga mai baki biyu ta asali ba kome ba ce illa bindiga biyu da aka ɗaura a kan ƙota ɗaya. Ko wane baki yana da gudumarsa, da sifirin ɗinsa, da maƙalin da ke riƙe gudumar, da kunamar da ke sakin maƙalin. A bindigar da bakunanta ke jere gefe da gefe, kunamar gaba ke tayar da bakin dama, ta baya kuma bakin hagu. Cikin 1875 wasu ma'aikata biyu na kamfanin Westley Richards a Bamingham, Anson da Deeley, suka ƙago yadda za a ɓoye gudumomin cikin akwatin ƙarfe, karya bindigar don sa harsashi shi ke ɗana su. Wannan ƙira ce ta bazu duniya, don sassanta kaɗan ne, kuma da ƙarfinta. A shekarun nan ne kuma W. W. Greener ya shahara da dabarar tsuke ƙarshen bututu don ƙwayoyin darma su tafi a dunƙule. Daga nan al'ada ta zama a bar bakin dama a sake don abin da ke kusa, a tsuke na hagu don na nesa.

Maƙera sun daɗe suna so su mai da kunamun nan biyu ɗaya, amma wani abu ya riƙa kayar da su. Sa'ad da baki na farko ya tashi, bindiga ta kan daki kafaɗa ta dawo gaba, sai yatsan maharbi ya sāke matsa kunama ba da saninsa ba. In kunama ɗaya ce kuma ba a yi wata dabara ba, wannan matsa ta biyu sai ta tayar da ɗaya bakin nan take, harsashi biyu su fita kusan tare. John Robertson, mai kamfanin Boss na Landan, shi ya shahara da warware wannan cikin 1894. Ya sa wani ɗan ƙarfe mai juyawa wanda ke ƙidaya ja uku: na farko ya tayar da baki ɗaya, na biyu, watau na rashin sani, ya tafi a banza, na uku ya tayar da ɗaya bakin.

Daga baya ƙirar kunama ɗaya ta rabu gida biyu. A gida na farko akwai wani ɗan nauyi a ciki wanda dukan harbin farko ne ke ture shi, ya haɗa kunama da baki na biyu. A gida na biyu ba a dogara ga dukan harbi ba, sakin kunama kawai ke mai da ita kan ɗaya bakin. Wasu kuma aka ƙara musu ɗan maɓalli na zaɓen bakin da zai fara tashi. Bindigar Browning mai baki ɗaya bisa ɗaya, wadda ta fito kasuwa cikin 1931 daga Beljiyam, da kunama biyu ta fara, sai daga baya Val Browning, ɗan mai ƙirar, ya daidaita mata kunama ɗaya mai zaɓe.

Dalilan da suka sa kunama ɗaya ta karɓu a Turai da Amurka a fili su ke. Mai farauta cikin sanyi da safar hannu mai kauri ya kan sha wuyar sa yatsa tsakanin kunama biyu. Mai gasar harbin faifan yumɓu yana son harbi biyu da sauri ba tare da ya motsa hannu ba. Ga shi kuma kunamar gaba ta kan bugi yatsa sa'ad da aka ja ta baya. To, mai karatu ya lura, cikin dalilan nan babu wanda ya ce kunama ɗaya ta fi aminci. Sauƙi da sauri aka nema, aka kuwa samu.

6. Awo a Ƙasar Auduga

Bahaushe ya ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. In aka ɗauko bindigogin nan biyu aka kawo su ƙasar Funtua da Malumfashi, abu huɗu ne za su gwada su.

Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na ɗauke da ƙura mai laushi kamar gari, wadda ba ta da shamaki, lokacin nan ne kuwa na farauta, bayan an kau da amfanin gona an ƙone ciyawa. In ƙurar nan ta gamu da mai a cikin akwatin bindiga sai ta zama danƙo, balle in man gyaɗa aka shafa, wanda ke daskarewa in ya daɗe. Kunama biyu sanduna ne biyu masu kauri, ƙarfin yatsa ke tura su kai tsaye, danƙo kaɗan ba ya hana su aiki. Kunama ɗaya kuwa tana dogara ga 'yan ƙananan sassa da siraran sifirin waɗanda dole su motsa cikin ƙiftawar ido. In suka yi nauyi, ko dai baki na biyu ya ƙi tashi, ko kuwa duka biyu su tashi tare.

Na biyu harsashi. Kafin 1960, sa'ad da kamfanin Remington na Amurka ya fito da kwanson roba, harsashin farauta da kwanson takarda a ke yinsa. Takarda kuwa ta kan sha laima cikin damina ta kumbura, abin da ke ciki ya yi sanyi. A ƙasar da harsashi ke da tsada, mutum ya kan ajiye 'yan ƙwayoyinsa shekara da shekaru, don haka ƙin tashi ba baƙon abu ba ne. Nan ne bambancin ya fi fitowa. Mai kunama biyu in ya ja ta gaba ya ji shiru, sai ya zame yatsa baya ya ja ta biyu, bai yi hasarar kome ba sai rabin daƙiƙa. Mai kunama ɗaya irin wadda ke jiran dukan harbi kuwa, in harsashin farko ya mutu, babu dukan da zai ture nauyin nan, saboda haka baki na biyu na nan da lafiyayyen harsashi amma kunama ba ta kai gare shi ba. Sai ya tura maɓalli ko ya bugi gindin bindiga da hannu kafin ta haɗu, kafin nan zabo ya tashi, in kuwa gadu ne ya riga ya iso. Kunama ɗaya irin ta gida na biyu ba ta da wannan aibi, wajibi ne a faɗi haka.

Na uku gyara. Maƙerin ƙasar Hausa gwani ne wajen ƙarfe. Wanda ya iya ƙera adaka tun daga bututu har ƙota, ba zai kasa gane aikin maƙali da sifirin ba, gama abin da ke cikin bindiga mai kunama biyu ɗan'uwan abin da ya saba da shi ne. Kunama ɗaya kuwa ko a Ingila ba kowane mai gyara ke yarda ya taɓa ta ba, ko wane kamfani da irin tasa, kuma kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya ɓata ta. Babban abu kuma shi ne, in sifirin ɗaya ya karye a bindiga mai kunama biyu, mai ita ya koma mai baki ɗaya, yana nan da makami har ya sami gyara. In kunama ɗaya ta lalace, bakuna biyu sun mutu tare, abin da ke hannunsa sanda ce mai tsada.

Na huɗu zaɓe. Maharbin daji bai san abin da zai fito masa ba, ko daga ina. Mai kunama biyu yana iya sa ƙananan ƙwayoyi a bakin dama don tsuntsu, manya a na hagu don nama, ya zaɓi wanda ya ke so da yatsa kawai sa'ad da bindiga ke hawa kafaɗa. Mai kunama ɗaya sai ya tuna da maɓalli, abin da mutum ba safai ya ke tunawa ba in abu ya taso masa ba zato. Wannan dalili da na gabansa su suka sa yawancin masu farautar giwa da ɓauna a Afirka ta Gabas suka riƙe kunama biyu a manyan bindigoginsu, ko da ya ke suna da kuɗin sayen kowace iri.

Akwai kuma maganar kuɗi. Kunama ɗaya mai kyau aiki ne mai tsada, mai araha kuwa ita ce uwar matsala. Saboda haka bindigogi masu baki biyu a jere na masu ƙaramin ƙarfi, ƙirar Bamingham da Beljiyam da Sifen, da na Rasha masu tambarin Baikal, galibinsu da kunama biyu aka yi su.

7. Inda Kunama Biyu Ke da Aibi

Adalci bai yarda a rufe magana nan ba. Kunama biyu tana da nata haɗari, amma yawancinsa daga hannu ya ke, ba daga ƙarfe ba. Sabon shiga ya kan sa yatsa biyu, ɗaya a kan ko wace kunama, sai dukan harbin farko ya sa ya matsa ta biyu, bindiga ta jefar da shi. Wani kuma ya kan manta ya zame yatsa, ya yi ta jan kunamar da ta riga ta tashi. In maƙali ya cinye don tsufa, ko wani ya goge shi da zarto don kunama ta yi taushi, girgizar baki ɗaya na iya tayar da ɗayan, ko bindiga ta tashi don ta faɗi ƙasa kawai. Wannan ya shafi kowace iri.

Haka kuma kunama ɗaya ta wannan zamani ba ita ce ta 1900 ba. Bindigogin gasa na kamfanoni irin su Beretta da Browning su kan harba dubban harsasai ba tare da kuskure ba, a inda harsashi sabo ne, mai na ainihi ne, mai gyara kuma na kusa. Wanda ya ce kunama ɗaya ba ta da aminci ko kaɗan ya faɗi abin da ya wuce gaskiya.

8. Ƙarshen Magana

Tambayar nan, wace ta fi aminci, a haƙiƙa tambaya uku ce aka cure. In ana nufin sabuwar bindiga mai kyau da sabon harsashi, to, yau kusan kunnen doki ne. In ana nufin bindigar da ta sha ƙurar hunturu da laimar Agusta shekara ashirin, kunama biyu ta fi. In kuwa ana nufin abin da zai rage a hannun mutum ranar da wani abu ya karye, to, babu gardama, mai kunama biyu yana da saura, mai ɗaya ba shi da kome. A ƙasar Funtua da Malumfashi tambaya ta biyu da ta uku su ne masu nauyi.

Sai dai ƙasar ta sāke. Shirin raya aikin gona na Funtua, wanda aka fara cikin 1975 da taimakon Bankin Duniya, ya yaɗa takin zamani da noman masara, gonaki suka ci daji, nama ya ja baya. Sa'an nan wata masifa ta fito daga dazuzzukan yamma. Cikin Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume kuma suka sha hare-hare, har cikin 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina. Bindigar farauta, wadda amfaninta bai wuce yadi 40 ko 50 ba, ko kunamarta ɗaya ko biyu, ba tsarar AK-47 mai cin harsashi 30 ba ce, kuma ba don wannan aiki aka ƙera ta ba.

Harshe ma ya bi sawu. Kalmar 'yan bindiga, wadda a zamanin Babba Zaki ke nufin bayin sarki masu tsaron fada, yau in manomin Bakori ko Malumfashi ya ji ta, masu satar mutane da shanu ya ke fahimta. Sunayen bindiga da albarushi da harsashi da kunama suna nan yadda su ke, amma sunan masu riƙe ta ya tashi daga mai tsaro ya koma kan wanda a ke tsoro. Allah ya maido da zaman lafiya ƙasar, manomi ya koma ba shi da abokin gaba a bakin gona sai biri da gadu.